Gwanintar Haɗa wa Injin Jirgi Mai a Tafkin Kainji

Duk faɗin ƙasar Yauri, daga Shanga har Wara, babu injin da ke shan wahalar da injin jirgin ruwa yake sha. Mota tana da giya iri-iri, tana kuma samun gangara direba ya ɗaga ƙafa ta huta. Jirgi ba shi da gangara. Ruwa na riƙe da shi tun daga tasha har tasha, matuƙi na sassauta hannu sai jirgin ya zauna. Don haka injin da aka rataya a bayan kwale-kwalen da ke fiton mutane da babura tsakanin Zamare da Rofia, ko wanda ya ɗauko buhunan albasa da shinkafa zuwa kasuwar Wara, a bakin ƙarshen ƙarfinsa yake aiki, awa da awanni.

Motar da ke tafe a kan kwalta, injinta yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Injin jirgi irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, idan aka buɗe masa wuta duka, tsakanin 4,500 da 5,500 yake juyawa. A 5,000, kowane fistin yana hawa da sauka sama da sau 80 a daƙiƙa guda, kuma kowane hawa sai wuta ta tashi a kansa. Awa ɗaya, juyi 300,000 ke nan. Irin wannan aiki a motocin tsere ake saba ganin sa, su kuma da an gama tseren ake kashe su. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a cikin wannan hayaniya shi ne shafen mai wanda kaurinsa bai wuce 'yan kashi cikin dubu na milimita ba. Mutumin da ya san yadda ake zaɓar wannan mai da auna shi, shi nake so mu tsaya mu duba aikinsa.

Buƙatar ba tsohuwa ba ce. Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, filafili da gora sun ishi Gungawa da Sarkawa zirga-zirga tsakanin tsibiri da gaɓa. Da ruwa ya cika, aka tashi mutane sama da 40,000 daga ƙauyukansu, kogi ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wani wurin faɗinsa ya haura 20. Nisan da hannu ba zai iya ba sai inji. Da inji kuwa ilmin mai ya shigo bakin ruwa.

Farkon abin da gwani ya sani shi ne inda man yake bi. A injin mota akwai kasko a ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Famfo ya ɗebo ya watsa wa sassa, ya gangaro ya koma, haka har tsawon watanni. Mafi yawan injinan da ke bakin ruwan nan ba su da wannan kasko. Masu bugu biyu ne, wato fistin ya hau ya sauka sau ɗaya an gama zagaye. Fetur ɗin da kafireta ta gauraya da iska ba ya zarcewa wurin ƙonewa kai tsaye. Sai ya fara ratsa cikin injin, inda kiranshaf ke juyi a kan boris, kana ya haura saman fistin. A wannan 'yar ratsawa ake son man da aka cuɗa a cikin fetur ya sauka a kan boris da bangon silinda da zoben fistin. Abin da ya rage ya ƙone, ya fita da hayaƙi. Kowane ɗigo sau ɗaya yake wucewa, ba ya dawowa.

Ka ga abin da ake nema a wurin man nan akwai wuya. Ana so ya narke cikin fetur sarai har ba a bambance su, ana kuma so da ya taɓa ƙarfe mai zafi ya rabu da fetur ɗin ya manne. Bayan haka ana so ya ƙone bai bar toka ba. Baƙin man mota ba a yi shi don ƙonewa ba. An zuba masa sinadarai masu ƙarfe a ciki, irin su kalsiyam da zink, waɗanda ke wanke datti su hana gogayya, kuma a kasko suna da amfani ƙwarai. Amma idan suka shiga wuta toka suke zama.

Na ga wani makanike a bakin ruwa ya aiki yaronsa sayen mai. Yaro ya dawo da kwalba mai hoton babur, an rubuta 2T ɓaro-ɓaro a gabanta. Maigidan bai ko buɗe ta ba.

"Kai yaro, juyo mini bayanta."

"Oga, ai 2T ce. Mai shago ya ce duk ɗaya ne."

"Mai shago zai shiga ruwan tare da mu? Koma ka ce masa mai TC-W3 nake so. In babu, ka dawo mini da kuɗina."

Haruffan nan da yake nema shaida ce ta ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, wadda ke gwada mai a cikin injinan jirgi na gaske kafin ta yarda a buga alamar a jikin kwalba. Ma'anarta man inji mai bugu biyu wanda ruwa ke sanyaya shi, kuma ba ya barin toka. Man 2T na babur da injin zarto da ƙaramin janareta, wanda akan ga alamar JASO ko API TC a jikinsa, don injin da iska ke sanyayawa aka yi shi. Waɗannan sun fi zafi nesa ba kusa ba, gudunsu kuma hawa da sauka yake yi, sai 'yar tokar da man ya bari ta ɓantare ta fice. Injin jirgi kuwa ruwan kogi ke zagaya shi, bai kai su zafi ba, kuma a murya ɗaya yake tafiya. Tokar sai ta zauna a bakin fulogi da saman fistin. Ranar da ta yi kauri, sai wani gefenta ya yi ja, ya kunna fetur tun fistin bai iso sama ba. Ƙarfin fashewar ya tari fistin yana tafe, in abin ya daɗe har huda shi yake yi. Makaniken ba sai ya kawo maka sunan sinadari ba. Fistin da suka huje ya sha ciro su da hannunsa, ya kuma tambayi masu su wane mai suke zubawa.

Kwalbar da ta dace ma sai ya jujjuya ta. Ya duba murfin ko an taɓa karya shi, ya shafa rubutun da yatsa ya ga ko zai goge, ya nemi lambar kamfani. Jabun mai ya yi yawa a ƙasar nan, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama shi, galibi mai ne tsura da ba a sa masa sinadari ba aka ɗura a tsohuwar kwalba. Shi ya sa idan ya juye kwalba yakan caka mata wuƙa kafin ya yar, kada ta dawo kasuwa da wani abu a cikinta.

Sai awo, inda nan ne gwaninta take. Ƙa'idar mafi yawan waɗannan injina 50 da 1 ce: kashi hamsin fetur, kashi ɗaya mai. Kowace lita ɗaya ta fetur, mililita 20. Lita 10, mililita 200. Jarka mai lita 25, rabin lita cif. Gwani yana da 'yar roba mai zane-zane da ya keɓe don wannan aiki kawai, a ƙulle cikin leda don kada yashi ya shiga. Ba ya yarda da jarkar kowa ma, domin jarkar da rana ta kumbura ta, ko wadda mai sayarwa ya cika zuwa kafaɗa, ba lallai ta zama lita 25 ba. Tasa ya riga ya auna ta, ya yi mata alama.

Dubi yadda yake yi. Ya ja jarkar nesa da masu shan taba da masu suyar kifi, ya ajiye ta a ƙasa. Ya ɗora mazurari, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a bakinsa don tace datti. Kafin komai ya tsiyayi fetur kaɗan a farar kwalba ya ɗaga ta sama. In akwai ruwa a ciki zai kwanta a gindi, a gan shi da ido. Daga nan ya zuba kamar lita huɗu ko biyar a jarka, ya juye rabin litar man a kai, ya rufe, ya kama da hannu biyu ya girgiza sosai. Sai ya buɗe ya cika da sauran fetur ɗin, ya sake girgizawa. Haka mai koko take yi, sai ta dama gasara da ruwa kaɗan ta narke tukuna sannan ta sheƙa tafasasshen ruwa. Dalilinsa shi ne mai ya fi fetur nauyi. Idan aka kwarara shi a cikin cikakken tanki aka tafi, gindi zai gangara, wurin da tiyo ke zuƙa. Injin ya tashi da hayaƙi tuƙuƙu, ya shanye man tun yana kusa da gaɓa, sai an kai tsakiyar ruwa ya koma shan fetur kusan tsura. Kamfanoni na rina man shuɗi ko kore ko ja don a gane an gauraya. Idan gwani ya sami tankin da ba shi ya haɗa ba, sai ya ɗiga kaɗan a farar takarda ya jira. Fetur zai bushe. In ya bar zoben maiƙo, akwai mai. In takardar ta koma fes, ba ya tayar da injin.

Ba ya haɗa na mako guda ya ajiye. Fetur da ya kwana biyu a zafin Yauri, ɓangarensa mai saurin kamawa yakan tsere, abin da ya rage ya yi danƙo a cikin kafireta. Na tafiyar yau yake haɗawa, da ɗan ƙari saboda halin ruwa.

Akwai masu ganin ƙara mai alheri ne ga inji. Ba haka ba ne. Wanda ya wuce ƙima ba ya ƙonewa duka. Ya jiƙa fulogi, ya taru a ramin zobe ya daskare har zoben ya kasa buɗewa, inji ya rasa matsi, ya riƙa shan fetur ba ƙarfi. Wanda ya gaza kuwa hukuncinsa ya fi sauri: fistin ya yi zafi ya kumbura, ya kankare bangon silinda, inji ya buga. Wuri ɗaya gwani yake ninka awo, a sabon inji ko wanda aka sake wa fistin da zobe. A awa 10 na farko 25 da 1 ake ba shi, lita guda a jarka, ana kuma tafiya da shi a hankali, ba a buɗe masa wuta duka sai jefi-jefi, har ƙarafunan su zauna da juna. Mai sabon inji yakan ƙosa ya ga gudunsa. Makanike nagari shi ke taka masa birki: "Alhaji, ka yi haƙuri da shi awa goma, ya yi maka shekaru." Injinan Amurka na shekarun 1950 da yawa 24 da 1 ake haɗa musu kullum, ingancin mai da na boris ne ya sa aka iya ragewa zuwa 50 da 1. Mai ingancin ke nan, ba kowane mai ba.

Bayan an dawo daga tafiya aikin karatu yake farawa. Ya ɗaga murfi, ya sa sifana ya kwance fulogi biyun, ya jera su yadda suka fito don kada ya rikita na sama da na ƙasa. Bakin da ya yi ruwan ƙasa, a bushe, lafiya lau. Baƙi mai maiƙo, mai ya yi yawa ko kuwa wutar ta yi rauni. Fari tas mai ƙuraje-ƙuraje, injin yana ƙuna, fetur ba ya isar sa ko iska na satar shiga ta wani wuri, kuma wannan ya fi tayar masa da hankali. In ɗaya baƙi ɗaya fari, ya san ba laifin haɗi ba ne, tunda daga tanki ɗaya suke sha, sai ya nemi matsalar a wani waje. Kunnensa ma yana aiki. Jirgin da aka danƙara wa lodi, ko aka sa masa farfelar da ta fi ƙarfinsa, injin ba ya kai muryarsa ta sama, sai nishi. Wannan nishi zafi yake tarawa, kuma babu man da zai iya ɗauke shi.

Haka nan ruwan sanyaya. Kainji cika biyu yake yi: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, da baƙin ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini da sanyin hunturu. Yashin farin ruwa yana cinye 'yar robar famfon da ke ɗebo ruwa zuwa kan inji, kainuwa da leda kuma su toshe kafar. Don haka matuƙin kirki idonsa ba ya daɗewa bai koma kan siririn ruwan da inji ke tsartarwa ta baya ba. Yana tsayawa, shi ma ya kashe.

Akwai mai na biyu da mutane ke mantawa da shi, man giya, a can ƙasa kusa da farfela. Shi ba ya ƙonewa, mai kauri ne, lamba 90, kuma ana sauya shi duk bayan awa 100 na aiki. Kusoshi biyu ne a wurin, na ƙasa da na sama. Ya ajiye kwano, ya kwance na ƙasa, sannan na sama don iska ta shiga man ya zubo. Kusar ƙasa a injina da yawa tana da maganaɗisu. Ya duba bakinta, in garin ƙarfe ne laushi ba komai, in ɓarɓashi ne mai kaifi haƙoran giya sun fara ci. Ya kalli man da ke kwano. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga. Nan take zai cire farfela, kuma sau da yawa abin da zai tarar shi ne zaren ragar masunta ya nannaɗe sanda ya yanka robar da ke tare ruwa. Wajen zubawa kuma ta ƙasa yake ɗurawa, yana matsawa har sai man ya ɓullo ta ramin sama. Sai ya fara ɗaure na sama, ya zare bakin kwalba, ya yi maza ya ɗaure na ƙasa. Wanda ya zuba ta sama zai ga kamar ya cika, alhali iska ce ta tokare a ciki.

To ina labarin man tsere, wanda wasu samari ke nema da tsada suna cewa shi ne ƙarshe? Tseren da muka sani a nan, na bikin Rigata a Yauri, ƙarfin damtse da filafili ne abin kallonsa. A gasar jiragen gudu ta duniya, F1H2O, wadda aka fara a 1981, an daɗe ana amfani da injina masu bugu biyu da ke juyi kusan sau 10,000 a minti, jirgi na wuce kilomita 200 a awa. Man irin waɗannan injina an tsara shi ne ya jure zafi mai tsanani na ƙasa da awa guda, bayan haka makanikai su warware injin su duba. Tsohon man tsere ma daga 'ya'yan zurma ake matso shi, wannan zurmar da ke fitowa a bayan gidajenmu, kuma daga sunanta na Turai kamfanin Castrol ya samo nasa. Man zurma yana manne wa ƙarfe mai zafi fiye da yawancin mai, shi ya sa jiragen sama na Yaƙin Duniya na Farko suka dogara da shi. Amma yana barin danƙo. Injin da zai kwana a kan ruwa cikin raɓa, a tashe shi da asuba, ya yi shekara ba a buɗe cikinsa ba, wannan mai cutar da shi zai yi. A ganina nan ne makaniken bakin ruwa ya yi daidai da injiniyan tsere: dukansu aikin da ke gaban injin suke dubawa, sannan su zaɓi mai. Idan sabon inji mai bugu huɗu, mai kasko irin na mota, ya zo hannun makaniken, ba zai cuɗa masa komai a fetur ba. Zai nemi mai alamar FC-W, 10W-30 ko 10W-40 kamar yadda littafin injin ya ce, ya zuba a kasko ya auna da sanda.

Ban manta da tsadar rayuwa ba. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin cika jarka ya ninka ya sake ninkawa, inji mai doki 40 kuwa yana iya shan kusan lita 20 a awa in an buɗe shi duka. Wanda ke neman na cefane zai so ya rage wani abu. Sai ka ga an tsiyaya mai da ido, an ce ya isa. Wani ya nemo baƙin man da aka juye daga mota, mai cike da garin ƙarfe, ya zuba. Wani ya ɗora tanki bai girgiza ba don fasinja na kira. Girgizar nan minti biyu ce, robar awo kuma ba ta kai kuɗin fulogi ɗaya ba. Abin da aka adana a wata uku, kiranshaf ɗaya zai cinye shi har da bashi.

Da asarar ta tsaya a kan aljihu da sauƙi. Motar da ta mutu gefen hanya take tsayawa. Jirgin da injinsa ya buga a tsakiyar tafki, hadari na tasowa, ba ya iya fuskantar igiyar ruwa. Gefe yake ba ta, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 suna nan a ƙasa. Mutanen Ngaski ba su manta da 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin da ya nufo Wara ya tarwatse da mutane sama da ɗari. Wancan lodi ne da tsufan jirgi, ba mai ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ya nuna mana yadda ceto yake da nisa a wannan ruwa.

Hukumomin gwamnati na NIWA da HYPPADEC sun raba rigunan kariya, an gode. Ina roƙon su, tare da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa a Yauri da Ngaski da Shanga, su haɗa da wannan ilmi: a tara yara masu koyon tuƙi a gaban tsofaffin makanikai, a koya musu karatun bayan kwalba da karatun fulogi. Masu jirage kuma ku saya wa matuƙanku robar awo, ku daina ƙidaya musu kuɗin mai a matsayin ɓarna. Kai kuma fasinja, idan ka ga matuƙi ya durƙusa yana auna mai yana girgiza jarka, kada ka yi masa tsawar ɓata lokaci. Ka bar shi ya gama kafin a kwance igiya.